Yadda Za Ka Bi Salsalar Gidanku a Damagaram Ba Tare da Ka Cakuɗa Masu Suna Ɗaya Ba

A Damagaram an yi sarakuna biyu a jere masu amsa suna ɗaya. Wanda Faransawa suka yaƙa a Tirmini a 1899 sunansa Amadu, ɗan Sarki Tanimun. Wanda suka ɗora a gadon bayansa, suka kuma tuɓe shi a 1906, shi ma Amadu ne, shi ma ɗan Tanimun. Da sunan yanka da sunan uba kaɗai aka riƙe, da yanzu sun narke sun zama mutum guda a bakin jama'a. Laƙabi ne ya raba su: na farko Kuren Daga, na biyu Ɗan Bassa. To wannan fa gidan sarauta ke nan, mai maroƙa da malamai da marubuta tarihi suna tsaron sunayensa. Ina ga gidan baduku a Zango, ko na manomi a ƙasar Mirya, inda Mahaman uku suka ci tuwo a akushi ɗaya, kowanne kuma ubansa Abdu?

Duk wanda ya shiga neman asalin gidansu a Zinder zai tarar sunaye ba su da wuyar samu. Wuyar tana wajen sanin wane ne wane. Ga hanyar da nake bi.

Fara da kanka, ka hau sama a hankali

Sayi littafi mai kauri da biro, ka tanadi waya mai ɗaukar murya. A shafin farko rubuta sunanka, na mahaifinka, na mahaifiyarka, sannan kakanninka huɗu. Kada ka fara daga sama. Gidaje da yawa suna da labarin kakan farko da ya zo daga Borno, ko Agadas, ko Katsina, ko Daura, kuma sau da yawa labarin gaskiya ne, domin garin nan mahaɗar ayari ce tun da daɗewa. Amma wanda ya kama wancan kakan ya ce zai sauko da igiya har zuwa kansa, duk inda igiyar ta gaza sai ya ƙulla ta da zato. Daga ƙasa ake hawa, kuma ba a taka mataki na gaba sai na ƙasa ya tsaya da ƙafarsa.

Kowane mutum ka ba shi shafinsa shi kaɗai da lambarsa. Kai ne 1, mahaifinka 2, mahaifiyarka 3, haka har sama, 'yan uwansu kuma su samu nasu lambobin. Daga ranar nan, idan za ka yi maganar wani a littafin, sa lambar a gaban sunan. Mahaman na 14 da Mahaman na 22 ba za su sake shiga rigar juna ba. A shafin kowa bar gurbin waɗannan: sunan yanka, laƙabi, uba, uwa, unguwa ko ƙauye, sana'a, matan aure ko mazan aure, 'ya'ya, lokacin haihuwa da na rasuwa. Ƙasan kowane bayani kuma rubuta wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. Wannan layi na ƙarshe shi ne mutane suka fi yi wa ƙyuya, shi ne kuma zai cece ka ranar da baki biyu suka saɓa.

Je wurin tsofaffi, musamman mata

Maza sukan riƙe jerin uba da kaka da kakan kaka. Mata su ne suka san wa ya auri wa, wa aka saka, wa ya sha nonon wa, wa aka kai riƙo. Goggonka da ta halarci kowane suna da kowane biki na shekara sittin ta fi kowace takarda sanin cikin gidanku. Fara da wadda ta fi tsufa, kuma kada ka ce sai bayan salla.

Tafi da goro ko ɗan abin shayi, ka gaisa sosai, ka nemi izini kafin ka kunna waya. Kada ka ce "ba ni tarihin gidanmu", tambayar ta yi faɗi, za a ba ka labarin da aka saba bayarwa. Yi ƙananan tambayoyi. "Goggo, da aka kawo ki gidan nan amarya, wa kika tarar a ɗakin gabas?" "Inna, ranar sunan Baba wa ya raɗa masa suna, kuma sunan wa aka mayar?" Irin waɗannan su ke buɗe bakin tsohuwa, sai ka ga ta jero maka mutum goma da ba ka taɓa jin su ba.

Ka kula da alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta, kuma duk yaron da aka sa wa ɗaya daga cikin sunayen nan ta sauya masa wani. Kada ka matsa mata. Ka tafi da wata jikarta, ko kai ka riƙa ambaton sunaye ita tana cewa "shi" ko "ba shi ba". Kuma ka tambayi kowa shi kaɗai. Idan ka tara su wuri ɗaya, babba zai yi magana, sauran su yi shiru ko da sun san ya yi kuskure.

Ni kaina na shafe watanni ina riƙe da mutum guda a littafina wanda wai ya yi soja, ya yi fatauci zuwa Kano, ya kuma yi limanci a ƙauye. Ranar da na karanta wa goggona shafin, sai ta dakatar da ni ta ce, "Ɗana, wanne kake nufi, na ɗakin uwargida ko na ɗakin amarya?" Ashe 'yan uba ne su biyu, sunan kakansu ɗaya aka mayar musu, tsakaninsu kusan shekara ashirin. Tun daga ranar ba na yarda na san mutum sai na san uwarsa.

Warware sunayen

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kansa.

Mutum ɗaya yakan zo maka da suna uku ko huɗu. Abubakar shi ne Habu, shi ne Garba, shi ne Bukar a bakin Barebari, a takarda kuma ka ga Aboubacar ko Boubacar. Umaru shi ne Sanda. Usman shi ne Shehu ko Mani, a takarda Ousmane. Ibrahim yana zama Ibro ko Brah, Musa yana zama Kalla, Yusufu a rubutun Faransanci Issoufou. Muhammadu kuwa ya fi kowa riguna: Mahamadou, Mahaman, Maman, Mamane, Mamadou. A mata, Hadiza ita ce Dije, Fatima ita ce Binta ko Fati, A'isha ita ce Indo, Hauwa ita ce Kulu. A shafin kowane mutum rubuta duk siffofin da ka ci karo da su, yadda ka gan su, kada ka gyara rubutun takarda.

Wasu laƙuban kuma shaida ce da kansu, ka saurare su da kyau. Lawali, Sani, Salisu, Rabi'u suna nuna jerin masu suna Muhammadu a gida: na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Idan ka samu Salisu, nemi Lawali da Sani, ko da sun rasu suna jarirai. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo yana bin tagwaye, Auta shi ne na ƙarshe. Ɗanladi, Ɗanjuma, Balarabe, Asabe, Talatu, Laraba suna faɗin ranar haihuwa. Wanda ake kira Abba ko Baba ko Ɗan Baba tun yana yaro, galibi sunan kakansa ya ci, wato laƙabin yana nuna maka sunan wani na sama da shi. A takardun Nijar za ka riƙa ganin kalmar "dit" tsakanin suna da laƙabi, ma'anarta "wanda ake ce wa". Duk inda ka gan ta ka yi murna, domin magatakardan ya yi maka rabin aiki.

Sai babbar matsala: ba mu da sunan gida tsayayye da ake gada. Suna na biyu sunan uba ne, yana sauyawa kowane ɗa. Haɗa wannan da al'adar mayar da sunan kaka, sai ka samu Abdu ɗan Mahaman ɗan Abdu ɗan Mahaman. Abdu Mahaman na takardar 1930 da Abdu Mahaman na takardar 1985 kaka ne da jika. Mai jero nasaba da ka kuwa, idan ya zo wurin da sunaye suka maimaitu, yakan tsallake biyu bai sani ba, sai jerin ya gajarce. Ga yadda za ka gane: Sarki Tanimun ya rasu a 1884. Idan an ce kakanku ya zo Damagaram da girmansa a zamanin Tanimun, to haihuwarsa ba ta wuce wajen 1860 ba. In an haife ka a 1990, tsakaninku shekara 130 ke nan ko fiye. Idan sunaye biyu kacal ne tsakaninka da shi, to a matsakaici kowane uba ya haifi ɗansa yana sama da shekara 40. Yana yiwuwa, domin dattawanmu suna haihuwa har tsufa, amma ya isa ya sa ka koma ka sake tambaya ko an tsallake wani.

Kada ka manta da riƙo. Yaron da ya tashi a hannun kawunsa ko baffansa, sau da yawa da sunan mai riƙon aka rubuta shi a lakwal, wato makarantar boko, sunan ya bi shi har katin ɗan ƙasa. Haka agola. Matar aure kuma a takardun aiki takan ɗauki sunan miji, sai a sa "née" kafin nata sunan na gidan ubanta. Na bayan "née" shi ne naka.

Sa wa kowa lokaci

Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Ka yi wa kanka jerin turaku a bayan littafin. Shigowar Faransawa 1899. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914. Ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai 1926. Yaƙin duniya na biyu 1939 zuwa 1945. Sarautar Barma Mustafa daga 1923 zuwa 1950, ta Umaru Sanda daga 1950 zuwa 1978. Ƙuri'ar raba gardama ta 1958, zamanin Sawaba. Samun 'yancin kai 1960. Farin 1973 da juyin mulkin Seyni Kountché a 1974. Yunwar 1984 da ake kira El Buhari. Sai ka tambaya: "Lokacin Kakalaba an haife shi?" "Da aka naɗa Sarki Umaru Sanda, ta yi aure?" Amsa biyu ko uku sun isa su tsare mutum tsakanin turaku biyu.

Azumi ma agogo ne. Yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, yana zagayowa cikin shekara 33. Ya faɗo tsakiyar damina wajen 1947, da wajen 1980, da wajen 2013. Idan an ce an haifi wani da azumi ana tsakar noma, ka san wuraren da za ka duba.

In ka samu shekarar Hijira a rubuce, raba ta da 33, ka cire abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1345: in ka raba da 33 ka samu kusan 41, ka cire ya rage 1304, ka ƙara 622 ya zama 1926. Lissafin yana iya kaucewa da shekara ɗaya, saboda shekarun biyu ba rana ɗaya suke kamawa ba. Malaman can baya kuma sukan rubuta shekara da haruffa, abin da ake kira ramzi. A lissafin da malamanmu suke bi, shinun 1000 ne, sinun 300. Kai wa malamin da ya saba da tsofaffin littattafai ya warware maka, domin lissafin mutanen gabas daban yake, wanda ya yi amfani da shi zai ba ka shekarar da ba ita ba.

Takardu: na gida tukuna

Kafin ka je kowace ma'aikata, nemi izinin buɗe tsohuwar adaka da akwatin ƙarfe. Abin da ake samu ya fi yadda ake zato: katin iyali na biyan lanho (wato haraji), wanda ke jero mai gida da matansa da 'ya'yansa, tsohon katin ɗan ƙasa, fasfon aikin hajji, takardar sayen gida ko gona da sunayen shaidu, takardar rabon gado, littafin soja na mazan jiya, takardun fansho, hotuna masu rubutu a baya. In gidan malamai ne, duba cikin gafaka. Malamai da yawa sukan rubuta haihuwa da rasuwa a wata warƙa su soke ta cikin littafi, mai kwafar littafi kuma yakan sa sunansa da na ubansa a ƙarshe. Ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ka mayar da ita inda ka same ta. Kada ka tafi da ta asali, nan ake fara faɗan dangi.

Takardar rabon gado ta fi kowace daraja a wannan aiki, domin shari'a ta tilasta a ambaci kowane magaji da dangantakarsa da mamaci. Littafin soja kuma yana da lamba, lamba kuwa ba ta da takwara.

Daga nan sai waje. Birnin Zinder yana da gundumomi biyar, kowace da ofishin rajistar haihuwa da aure da rasuwa a ma'aikatar magajin gari. Je da cikakken suna, da sunan uba da na uwa, da shekarar da kake zato. Wanda ba a yi wa rajista da wuri ba, kotu ce ta yi masa takardar maye gurbi bisa bakin shaidu, wadda za ka ga an rubuta "jugement supplétif" a kanta. Mai unguwa da mai gari da hakimi suna da masaniyar gidajen da ke ƙarƙashinsu, a fadar Sarkin Damagaram da ke Birni kuma akwai dattawan da suka san tsofaffin gidaje da sarautun sana'a. Ka shiga ta hannun mai unguwarku, da ladabin da ya dace. Tsofaffin makarantu suna da rajistar ɗalibai mai ɗauke da sunan uba da sana'arsa. Mai son zurfafawa sai ya nufi Yamai: gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa yana da rahotannin zamanin mulkin mallaka, cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni kuma tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami. Littafin da André Salifou ya wallafa a 1971 kan Damagaram a ƙarni na 19 zai ba ka shimfiɗar zamanin da kakanninka suka rayu a ciki.

Amma ka san irin yardar da za ka yi wa takarda. "Né vers 1940" na nufin an haife shi wajen 1940, wani ne ya dubi fuskarsa ya ƙiyasta. Ranar 1 ga Janairu da ta cika katunan tsofaffi cike gurbi ce kawai. An rage wa yara shekaru don su samu shiga lakwal ko zana jarrabawa, a zamanin lanho kuma wasu gidaje sun ɓoye mutane don kuɗin ya ragu. Don haka rashin ganin mutum a katin iyali ba ya nufin babu shi. A wurina takarda ta fi ƙarfi a kan suna da wuri, tsohuwa ta fi ƙarfi a kan wa ya girmi wa.

Idan suna ɗaya ya fito sau biyu

Ɗauka mutum biyu ne har sai shaida ta haɗa su. Buɗe shafi biyu, lamba biyu. Raba wanda ka haɗa bisa kuskure ya fi haɗa wanda ka raba wuya nesa ba kusa ba, domin kafin ka farga ka riga ka rataya wa ɗaya 'ya'yan ɗayan.

Sannan ka tace su. Uwa ɗaya ce? Wannan ita ce tambaya ta farko, kuma sau da yawa ita kaɗai ta wadatar. Unguwa fa, Birni ko Zango ko Garin Malam? Sana'a, dukanci ko ƙira ko fawa ko malanta? Su wane ne matansu? Wa ya gaje su? Sai lissafin shekaru: mace ba ta haihuwa tana 'yar shekara 8 ko 60, wanda aka raba gadonsa a 1955 ba zai sa hannu a cinikin gona a 1962 ba. Ka kuma tuna a gidan mata da yawa baffa yana iya zama ƙanen ɗan wansa a shekaru, don haka tsara ɗaya ba ta nufin matsayi ɗaya a nasaba. Tsagen fuska da kirarin gida suna taimakawa wajen raba gida da gida, wanzamin gidanku da maroƙinku sun san su, amma ba sa raba 'yan uba.

Sai abu biyu masu zaman kansu sun dace, ban da sunan, kafin ka haɗa shafukan. Mutum biyu da suka ji labari a bakin tsoho ɗaya, shaida ɗaya ce. Inda ka kasa yankewa, rubuta da fensir ka sa alamar tambaya, ka bar shi haka ko da shekara nawa ne.

Dangin da suka yi nisa, da abin da ba a faɗa

Da wuya gidan Damagaram da ba shi da reshe a Kano, Daura, Gumel, Maigatari ko Nguru. Can rubutun sunan yana sauyawa, Issoufou ya koma Yusuf, Mahaman Laouali ya koma Muhammad Lawal, wani ma ya ɗauki sunan gari ya zama Damagaram ko Zinder a ƙarshen sunansa. Wasu kuma sun tafi hajji da ƙafa ta Chadi suka zauna a Sudan. Biki da ta'aziyya su ne lokacin kama waɗannan, ka je da littafinka.

Za ka kuma ci karo da abin da gida ya rufe: bauta, ko ɗan da aka yi gardamar ubansa, ko auren da ya mutu da rigima. Garin nan ya ga cinikin bayi a ƙarni na 19, kuma har yau maganar tana hana aure a wasu gidaje. Abin da aka faɗa maka a asirce kada ya shiga kwafin da za ka raba wa dangi, balle dandalin WhatsApp na zumunci. Haka takardun gado da na gona: ka faɗa wa kowa tun farko cewa zumunci kake bi, ba ka zo tayar da rabon da aka gama ba.

Idan aikin ya yi kauri, yi kwafi uku. Ɗaya a hannunka, ɗaya wurin babban gidan, ɗaya wurin wani ɗan uwa a wani gari, saboda gara da ruwan damina da ɓatan waya. Muryoyin da ka ɗauka ka sa wa kowace sunan mai magana da rana, ka tura su wuri na biyu. Sannan ka koma wurin goggon nan ka karanta mata shafi bayan shafi da babbar murya, kana ambaton kowa da laƙabinsa da sunan uwarsa, biro a hannunka, domin za ta tsayar da kai.